Mutum-mutumin Koyarwa: Nazari kan Bunƙasar Kasuwarsa a Duniya da Matsayin Kudancin Birnin Kaduna

Gabatarwa

A cikin shekaru talatin da suka shuɗe wani sabon kaya ya shigo kasuwar ilimi, ya sami gurbi kusa da allo da littafi da kwamfuta. Wannan kaya shi ne ƙaramar na'urar da ɗalibi ke haɗawa da hannunsa, ya rubuta mata umarni, ita kuma ta bi. Kamfanoni na ƙera ta a Denmark da Amurka da Sin, ma'aikatun ilimi na sayenta da yawa, ana kuma shirya gasanni a kanta tsakanin ƙasashe kowace shekara. A Nijeriya ma ta fara bayyana a tallar makarantu masu zaman kansu da cikin maganganun masu tsara manhajar karatu. Manufar wannan nazari ita ce mu fahimci wannan kasuwa, sannan mu amsa tambaya guda: idan ta ƙaraso unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, a wane matsayi ya dace su shige ta? Za mu fara da fayyace kalmomi, mu bibiyi asalin lamarin, mu rarraba kayan zuwa nau'o'insu, mu auna girman cinikin da abin da bincike ya tabbatar game da amfaninsa, kafin mu ɗora duk wannan a kan tarihi da halin yankin.

Ma'anar muhimman kalmomi

Mutum-mutumi, wanda a kasuwar duniya ake kira robot, a wannan nazari yana nufin na'urar da ta haɗa sassa uku. Na farko sashen ji ne, wato ƙananan na'urorin da ake kira sensa, masu auna haske ko nisa ko zafi ko sauti ko taɓawa. Na biyu sashen sarrafawa ne, wato ƙaramar kwamfuta wadda sau da yawa ba ta cika tafin hannu ba, mai karɓar abin da sensa ta auno ta yanke abin da za a yi bisa umarnin da aka ba ta. Na uku sashen motsi ne, wato ƙananan injinan lantarki masu juya taya ko ɗaga hannu. Ba sharaɗi ba ne na'urar ta yi kama da ɗan Adam, domin galibin waɗanda ake amfani da su a makarantu ƙananan kekuna ne masu taya biyu. Fanka tana motsi amma ba ta ji, saboda haka ba ta cikin wannan rukuni. Mutum-mutumin koyarwa kuwa shi ne wanda aka ƙera domin ɗalibi ya koyi wani abu ta hanyarsa, ba domin ya yi aikin masana'anta ba.

Kodin shi ne rubuta jerin umarni cikin tsarin da kwamfuta ke ganewa, ko dai da haruffa ko ta hanyar jera tubalan hoto a kan allon kwamfuta. Ƙirƙirarriyar basira ita ce fasahar da ke sa kwamfuta ta koyi gane murya ko hoto ko rubutu daga tarin misalai. Idan muka ce kasuwa, muna nufin dukan cinikin da ke kewaye da na'urar: ita kanta, da manhajar kwamfutar da ke tafiyar da ita, da littattafan darasi, da horar da malamai, da kayan gyara, da kuɗin shiga gasa. Kudancin birnin Kaduna kuma shi ne tsallaken kogi, inda Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da Kudenda da Television da Narayi da Sabon Tasha suke, a cikin ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun. Wannan dabam yake da Kudancin Jihar Kaduna, wato yankin Kafanchan da Zonkwa da kewayensu.

Asalin lamarin

Tunanin koyarwa da mutum-mutumi ya girmi kasuwarsa. Tushensa yana komawa ga Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi aiki da masanin tarbiyyar yara Jean Piaget a Geneva kafin ya koma jami'ar MIT a Amurka. A 1967 shi da abokan aikinsa, Wally Feurzeig da Cynthia Solomon, suka ƙirƙiro Logo, harshen kodin na yara, sannan aka haɗa shi da wata na'ura mai taya da suka kira kunkuru, wadda ke yawo a ƙasa tana zana layi da alƙalami. Ra'ayin Papert, wanda ya bayyana a littafinsa Mindstorms na 1980, shi ne cewa yaro ya fi fahimtar abu idan yana gina wani abin da zai iya gani ya taɓa, kuma kuskuren da na'ura ta nuna masa a fili darasi ne, ba abin kunya ba. Yaron da ya umarci kunkuru ya zana murabba'i, ya ga ya karkace, dole ya koma ya binciki ma'anar kusurwa da kansa. Muhimmin abin lura a nan shi ne, a wannan tsari yaro ne ke koya wa na'ura, ba na'ura ke koya wa yaro ba.

Daga wannan tushe ciniki ya tsiro. A 1998 kamfanin LEGO na Denmark ya fitar da akwatin haɗa mutum-mutumi mai ɗauke da sunan littafin Papert, a shekarar kuma aka fara gasar FIRST LEGO League tare da ƙungiyar FIRST da Dean Kamen ya kafa a 1989. Gasar World Robot Olympiad ta biyo baya a 2004. Daga nan farashi ya fara saukowa. A 2005 aka ƙirƙiro allon sarrafawa na Arduino a garin Ivrea na Italiya, aka kuma bar zanensa a buɗe ga duk mai son kwaikwaya. A 2007 MIT ta fitar da Scratch, manhajar kodin ta tubalan hoto wadda ake samu kyauta. Raspberry Pi ya fito a Ingila a 2012, sannan a 2016 BBC ta raba kusan miliyan ɗaya na ƙaramin allon micro:bit ga ɗaliban ajin farko na sakandare a Birtaniya. Masana'antun birnin Shenzhen na Sin, inda kamfanin Makeblock yake, suka cika duniya da sensa da ƙananan injina masu araha.

Rabe-raben mutum-mutumin koyarwa

Ta fuskar rawar da na'urar ke takawa a aji, za mu iya kasa ta gida huɗu. Kashi na farko shi ne na ƙananan yara, irin Bee-Bot, wanda ake danna maɓallan da ke bayansa a tsara masa hanya ba tare da kwamfuta ba, yana koyar da jerantawa da ƙirga da gane hagu da dama. Kashi na biyu shi ne akwatin haɗawa, irin na LEGO da VEX da Makeblock da duk abin da aka gina a kan Arduino, inda ɗalibi ke ƙera jikin, ya jona wayoyi, ya rubuta umarni. Kashi na uku shi ne mai siffar mutum ko dabba, mai magana da amsa tambaya, irin NAO da kamfanin Aldebaran na Faransa ya ƙera, wanda ake gwadawa wajen koyar da harsuna da taimakon yara masu buƙata ta musamman, farashinsa kuwa dubban daloli ne. Kashi na huɗu shi ne hannun ƙarfe na horo, wato ƙaramin samfurin na'urorin da ke walda da fenti da ɗaukar kaya a masana'antu, wanda kwalejojin fasaha da jami'o'i ke saye domin shirya ma'aikata.

Akwai wani rabon na biyu wanda a ganinmu ya fi na farko nauyi ga mai saye a Nijeriya, wato rabon rufaffe da buɗaɗɗe. Rufaffen mutum-mutumi shi ne wanda sassansa ba sa haɗuwa sai da na kamfanin da ya ƙera shi, manhajarsa mallakar kamfanin ce, wani lokaci ma ba ya aiki sai ya tuntuɓi kwamfutocin kamfanin ta intanet. Buɗaɗɗe kuwa shi ne wanda zanensa ke a fili, kowace masana'anta na iya yin sassansa, kowane mai gyara na iya buɗe shi ya canza abin da ya ƙone. Rufaffe ya fi kyan gani da sauƙin farawa, yana kuma zuwa da darussa a shirye, abin da ke rage wa malami wahala a makon farko. Buɗaɗɗe yana neman haƙuri da ɗan sanin lantarki, amma rayuwarsa ba ta rataye a wuyan kamfani ɗaya ba. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin abin da za mu faɗa a gaba.

Girman kasuwar da dalilan bunƙasarta

Kamfanonin nazarin kasuwa sun kiyasta cinikin mutum-mutumin koyarwa a duniya tsakanin dala biliyan 1 da biliyan 2 a shekara a farkon shekarun 2020, kuma galibinsu na hasashen ƙaruwar da ta haura kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da lura, domin hasashe ne na masu sayar da rahoto, kuma kowanne da abin da yake ƙirgawa: wani yana sa kayan wasan gida, wani yana sa hannun ƙarfe na kwalejoji, wani yana cire su. Abin da suka haɗu a kai shi ne alkibla, wato kasuwar na hawa, kuma mafi yawan cinikin yana Arewacin Amurka da Turai da Gabashin Asiya. Kason Afirka ƙarami ne ƙwarai, kuma kusan duka na saye ne, ba na ƙerawa ba.

Dalilai huɗu ne ke tura wannan hawa. Na farko shi ne sauyin masana'antu: Ƙungiyar Masu Ƙera Mutum-mutumi ta Duniya ta bayyana cewa a 2023 an girka fiye da rabin miliyan na mutum-mutumin masana'antu, kimanin rabinsu a Sin, adadin waɗanda ke aiki a duniya kuma ya haura miliyan 4. Kowanne daga cikinsu na buƙatar mai tsara masa aiki da mai gyara shi. Na biyu shi ne manufofin gwamnatoci, kamar yadda Ingila ta wajabta darasin kwamfuta da kodin tun daga firamare a 2014. Na uku shi ne faɗuwar farashin sassa, wanda wayar salula ta jawo, domin ƙananan batura da kyamarori da sensa da ake yi mata da biliyoyi su ne ake sa wa mutum-mutumi. Na huɗu shi ne fargabar iyaye masu hali game da makomar 'ya'yansu, wadda zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara rura wa wuta. Uku na farko dalilai ne masu tushe. Na huɗun kuwa shi ne wanda masu talla suka fi dogara da shi, shi ne kuma ke sa a sayi abin da ba a tantance ba.

Bunƙasar kasuwa ba ta nufin ɗorewar kowane kaya da ke cikinta. Kamfanin Anki na Amurka, mai ƙera Cozmo wanda makarantu da iyaye suka saya da yawa, ya rufe a 2019. LEGO da kansa ya daina yin Mindstorms a ƙarshen 2022, bayan shekaru 24. A ƙarshen 2024 kamfanin Embodied ya sanar da rufewa, ya kuma shaida wa iyaye cewa Moxie, mutum-mutumin hira da yara da suka saya kusan dala 800, zai daina aiki idan aka kashe kwamfutocin kamfanin. Waɗannan misalai suna nuna haɗarin da ke tattare da rufaffen kaya: mai saye ya biya kuɗin mallaka, alhali abin da ya samu haya ce wadda mai ita zai iya yankewa ba tare da shawararsa ba.

Abin da bincike ya nuna

A 2012 mai bincike Fabiane Benitti ta ƙasar Brazil ta tace rubuce-rubucen da aka yi kan amfani da mutum-mutumi a makarantu, ta sami guda goma kacal da suka auna sakamako da ma'auni mai ƙarfi. Sun nuna cewa ana iya samun ci gaba, musamman a lissafi da kimiyya da warware matsala, amma ba a kowane hali ba. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya yi gargaɗi mai faɗi: hujjoji masu inganci kan amfanin kayan fasaha a aji ba su da yawa, kuma da dama daga cikinsu sun fito ne daga masu sayar da kayan. Muna da darasi na kusa a shirin ba kowane yaro kwamfuta, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. A ƙasar Peru, inda aka raba ɗaruruwan dubban irin waɗannan kwamfutoci, binciken Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka na 2012 bai ga ƙarin ƙwazo a lissafi ko karatu ba. Abin da za mu tsinta daga duk wannan shi ne, na'ura tana amfani ne idan akwai malamin da ya san abin da yake so ɗalibi ya gano, da isasshen lokaci a jadawali, da ƙaramin rukunin da kowa zai sa hannu. Inda waɗannan suka ɓace, na'urar takan zama abin nuna wa baƙi ranar bikin makaranta.

Kudancin birnin Kaduna da gadon masana'antu

Ba mu zaɓi wannan yanki da ka ba. Tsallaken kogi shi ne inda Arewa ta fara gwada rayuwar injina da gaske. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfanin Ingila. Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo a shekarun 1960, aka kafa hukumar ƙera makamai ta DICON a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, matatar mai kuma ta fara aiki a 1980 a kan hanyar Kachia. Dubban mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar suka taru a Kakuri da Makera da Nasarawa saboda jiniyar canjin aiki. Daga cikinsu aka sami masu harhaɗa inji da masu walda da masu naɗin waya da makanikai, waɗanda suka san ciki da wajen inji. Masaƙun sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, Kaduna Textiles ta rufe a 2002, amma sanin bai mutu tare da su ba. Ya watsu cikin garejoji da shagunan gyaran janareta da famfon ruwa da wayar salula, 'ya'ya da jikoki na gadonsa ta hanyar koyon sana'a.

Wannan tarihi yana ɗauke da gargaɗi. Dalilan mutuwar masana'antun Kakuri suna da yawa, har da rashin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin yadi, amma akwai wanda ya shafi batunmu kai tsaye. Injinan da kayan gyaransu daga waje suke zuwa, motocin Peugeot ma akasarin sassansu daga Faransa ake kawo su a ɗaure a nan. Da darajar naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, kuɗin kowane ƙusa da ake shigowa da shi ya ninka, abin da ake zato namu ne sai ya bayyana na wasu ne. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Makarantar da ta gina darasin kimiyyarta a kan rufaffen akwati daga waje tana maimaita tsarin Kakuri ne a ƙaramin sikeli: tana da na'ura, ba ta da iko a kanta.

A gefe guda, yankin yana da abin ginawa a kai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana da rassa a Barnawa da Sabon Tasha. A Barnawa ne aka buɗe CoLab a 2016, cibiyar da Sanusi Ismaila ya kafa inda matasa ke koyon kodin da fara kamfanonin fasaha. Da an haye gada akwai Panteka, kasuwar maƙera da masu walda waɗanda ke iya ƙera kusan duk abin da aka nuna musu samfurinsa. A cikin birnin ne kuma hedikwatar Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa take, da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, da Kwalejin Fasaha ta Sojan Sama. A matakin tarayya, an buɗe Cibiyar Ƙirƙirarriyar Basira da Mutum-mutumi ta Ƙasa a Abuja a 2020 ƙarƙashin hukumar NITDA, sabuwar manhajar karatun da aka sanar a 2025 kuma ta ba fasahar zamani gurbi a sakandare. Birane kaɗan ne a Arewa suka tara waɗannan a wuri ɗaya.

Cikas guda huɗu

Cikas na farko kuɗi ne. A 2024 akwatin SPIKE Prime na LEGO yana kusan dala 400. Kafin a saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 kuwa ta haura 1,500. A kan wannan farashi akwati ɗaya ya kai naira 600,000 kafin kuɗin dako da kwastan, wato fiye da albashin wata takwas na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ajin ɗalibai 40 da aka kasa huɗu-huɗu yana buƙatar akwati 10, wato naira miliyan 6. Kwafin allon Arduino kuwa 'yan daloli ne, haka sensa da ƙananan injina, jikin kuma ana iya yinsa da katako ko kwali ko roba. Cikas na biyu wuta ce. Na'urar kanta batir take ci, amma kodin yana buƙatar kwamfuta ko wayar salula mai caji. Wannan matsala ce mai magani, domin ƙaramin faranti na hasken rana da batir ɗaya sun isa ɗakin gwaji, kuma masu girka su sun yawaita a gari.

Cikas na uku, wanda ya fi sauran girma, shi ne malami. A 2017 gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su ta ɗauki wasu. An yi ta muhawara kan adalcin wannan mataki, amma ya nuna a fili cewa harsashin yana buƙatar aiki. Ba za a ɗora wa malamin da ke fama da aji mai cunkoso sabon darasi bayan bitar kwana biyu a sa ran alheri ba. Yana buƙatar horo mai tsawo wanda zai ƙera na'urar da hannunsa, ta lalace, ya gyara, da kuma wanda zai tuntuɓa idan ya cije. Cikas na huɗu shi ne rarrabuwar dama. Idan aka bar lamarin ga ciniki kawai, makarantun kuɗi na Barnawa za su samu, makarantun gwamnati na Kakuri da Nasarawa da Television su rasa, tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa ta ƙara faɗi. Haka kuma 'yan mata sukan koma masu riƙe littafi su bar wa maza waya da sukurdireba, in ba malami ya tsara kowa ya zagaya kowane aiki ba.

Matsayi uku na shiga kasuwar

Al'umma na iya shiga wannan kasuwa a ɗaya daga matsayi uku. Matsayi na farko shi ne na mai saye zalla, wanda ke karɓar akwati da darasinsa da sassansa daga waje. Shi ne mafi sauri, mafi tsada, mafi gajeren rai. Matsayi na biyu shi ne na mai harhaɗawa da gyara, wanda ke shigo da ƙananan sassan lantarki kawai, ya ƙera jiki a gida, ya rubuta darasi da kansa, ya horar da masu gyara. Matsayi na uku shi ne na mai ƙira, wanda ke zana sabon samfuri ya sayar wa wasu. Mun ga matsayi na biyu ne ya dace da tsallaken kogi a yau, kuma shi ne tsanin hawa na uku. Wannan ba mafarki ba ne a Afirka. A 2012 Ayorkor Korsah ta Jami'ar Ashesi a Ghana da Ken Goldberg na Jami'ar California suka shirya gasar ƙera mutum-mutumin koyarwa na dala 10, aka kuma sami samfura masu aiki daga sassa daban-daban na duniya. A Senegal, Sidy Ndao ya kafa gasar mutum-mutumi ta ɗaliban Afirka, wadda ke ɗora ayyukanta a kan matsalolin nahiyar.

Aiwatar da matsayi na biyu yana da sassa da za a iya lissafawa. Ɗakin gwaji ɗaya mai wutar rana zai iya yi wa makarantu da yawa na unguwa hidima bi da bi, maimakon kowace ta sayi nata ta kulle a ofishin shugaba. Ɗaliban kwalejin fasaha za su iya yin aikin ƙarshen karatunsu a kan ƙera akwatunan koyarwa, masu gyaran salula kuma su zama masu kula da su, domin wanda ke canza ƙananan sassa a allon waya ba zai kasa gyaran Arduino ba. Ayyukan da za a ba ɗalibai su fito daga rayuwarsu: na'urar da ke kashe famfo idan tankin ruwa ya cika, ko mai ƙara idan ruwa ya kai wani mataki, abin da mazauna gaɓar kogi da ke ganin ambaliya da damina suka san darajarsa, ko mai auna zafin ɗakin kaji. Harshe ma yana da muhimmanci. Yankin ya tara ƙabilu da yawa, Hausa ce kuma harshen kasuwa da gareji da ya haɗa su, Scratch ma tana cikin manhajojin da aka fassara zuwa Hausa. Yaron da aka fara yi wa bayani da harshen da yake tunani da shi ya fi saurin kama ma'anar sharaɗi da maimaici a cikin kodin, Turancin fannin ya biyo baya. Yaran da suka saba ƙera mota da gwangwani da waya da silifa sun riga sun mallaki rabin darasin. Abin da ya rage shi ne a ba motar ji da umarni.

Kammalawa

Mun ga cewa kasuwar mutum-mutumin koyarwa tana bunƙasa bisa dalilai na gaske, cewa kayanta sun kasu ta fuskar aiki da ta fuskar buɗewa, cewa kamfanoninta na tashi suna faɗuwa, kuma cewa amfaninta ga ɗalibi ya rataya ne ga malami da tsari fiye da na'urar. Daga nan muke fitar da ma'aunin da muke ba hukumomin ilimi da masu makarantu da ƙungiyoyin iyaye shawarar su riƙe kafin su sa hannu a kowane ciniki. Su tambaya: idan wani sashe ya ƙone, ana samunsa a Kaduna? Idan kamfanin ya rufe, na'urar za ta ci gaba da aiki? Wane malami ne zai koyar da ita, kuma wa ya horar da shi? Nawa ne daga cikin kuɗin zai tsaya a hannun masu sana'ar gari? Kayan da ya amsa waɗannan tambayoyi da kyau ya cancanci saye ko da ba shi da ƙyalli, wanda ya kasa kuwa a bar shi ko da kyauta aka kawo shi, domin kuɗin riƙonsa na nan tafe. Mutanen tsallaken kogi sun riga sun biya farashin mallakar inji ba tare da mallakar iliminsa ba, sun biya da ayyukan yi na dubban gidaje. Haƙƙin 'ya'yansu ne a wannan karon a fara da ilimin, a sa malami da mai gyara a gaban kasafi, na'ura ta biyo bayansu.